Motocin da Ba Su Ɗauko Komai Ba

Shekara goma sha tara ina jan tirela,
Apapa ta cinye mini baƙin gemu.
Na taɓa kwana tara a layi ɗaya,
na yi wanki, na shanya a madubi,
har mai shayin ƙarƙashin gada
ya daina tambayata cokali nawa.

Ni ne Rasaki bakanike ya danƙa wa tikiti,
ya ce, "Sallau, zo ka ga inda mota ke gudu."
Na ce, "A nan Ikko?"
Ya yi dariya har haƙorin Makkansa ya leƙo.

Asabar, mun bi hanyar Epe da jijjifi,
ruwan daren jiya na kwance a ramuka.
An jera tsofaffin tayoyi, an shafe su ja da fari.
A ƙofa wata ta ɗaura mini takarda a wuyan hannu
kamar jaririn asibiti.
Wani yaro ya tallata mini abin toshe kunne, ɗari biyar.
Na ce kunnen da ya sha ham ɗin Oshodi?
Wuce, ɗan nan.

Sai aka sake su.

Ba da kunne na ji ba,
da haƙarƙari na ji.
Ruwan ledar da ke hannuna ya kama rawa,
bencin ƙarfe ya shiga karkarwa a ƙarƙashina.
Kafin in ce ga ja nan
ta bar mini ƙaurin roba ta wuce.
Na waiga neman yaron,
ya ce yanzu dubu ne.
Na biya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne:
ina za su?
Babu buhu, babu kwantena, babu takardar kaya,
babu mai kaki da zai miƙo hannu a kwana.
Su tashi nan, su dawo nan,
su ƙone man da zai kai ni Jebba,
mutane na ihu kamar an raba gado.
Na yi tsaki.
A zagaye na shida na ji muryar wani tana cewa, "Taka! Taka mata!"
Ashe tawa ce.

Lahadi na zaɓi koriya, mai lamba sha huɗu,
don ba ta tsoron kwana.
Tana ta biyu, tana shinshinar ta gaba,
sai na ji wani ɗan tari a cikin kukanta,
ƙanƙane, kamar na mai ɓoye mura.
Na dafa Rasaki: "Mai ba ya isa. Famfo ne."
Ya ce in bar mutane su yi kallo.
Zagaye biyu, ta gangara gefe,
ta mutu a hankali kusa da mu.

Direban ya fito, ya cire hular kwano,
sai ga kitso.
Yarinya ce, ba za ta girmi Hajjota ba.
Ta kai wa taya shuri,
sannan ta kifa goshi a kan rufin motar, ta yi shiru.
Na san wannan shirun.
Na yi shi a Lokoja, da tumatir a baya, rana tana faɗuwa.
Ban san wanda ya ci ba.
Ita na tafa wa.

Litinin ga ni a layi, na saba'in da wani abu,
teku na wari, jiniya na kuka can nesa.
Giya tana furi.
Na dubi hagu, na dubi dama,
na taka totur har ƙasa.
Tsohuwar ta yi ruri, hayaƙi ya turnuƙe mai gasa masara,
ta aiko mini zagi da Yarbanci.
Nomau ya zabura daga barci: "Oga, an buɗe hanya?"
Na ce, "A'a.
Koma ka kwanta."